Likita ya ɗora abin saurare a wuyan Baba ya ce ya ji ƙara, anya kuwa?

Ummu Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin asibiti ku taimaka min da bayani, kaina ya ɗaure. Babanmu ya haura shekara sittin, yana da hawan jini tun da daɗewa ga suga kuma da aka gano masa daga baya, taba kam ya bari amma ya sha ta sosai zamanin yana jan babbar mota. Mun kai shi ganin likita kamar yadda aka saba sai muka tarar da wani sabon likita ba wanda muka sani ba, bayan ya auna jini ya saurari ƙirji sai na ga ya ɗora abin sauraren nan da suke ratayawa a gefen wuyan Baba, daidai ƙasan muƙamuƙi, ya ce Baba riƙe numfashi, ya koma ɗaya gefen, ya sake dawowa hagu ya daɗe a wurin shiru. Da ya ɗago sai ya ce wai ya ji wata ƙara a jijiyar hagu, mai yiwuwa ta tsuke, ya rubuta mana hoton wuya wai shi dofla.

To ni dai iya sanina zuciya da huhu ake saurara, yaushe jijiya ta fara magana har a ji ta? Kuma duk likitocin da suke ganinsa a baya babu wanda ya taɓa ji sai wannan? Baffanmu ya ce neman kuɗi ne kawai, a bar maganar hoto tunda mutum yana cin tuwonsa yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Kuɗin hoton kuma gaskiya ba kaɗan ba ne a wannan yanayin da ake ciki. Shin da gaske ana iya gane jijiya ta tsuke da kunne kawai? Kuma in ta tsuke ɗin me zai faru?

Ɗan Kwari:

Wa alaikumus salam. Hajiya ni dai ina bayan Baffa, yanzu ka shiga asibiti da ciwon kai sai an rubuto maka gwaji bakwai. In jijiya ce ta sage a samu man zafi a riƙa murza masa wuyan safe da yamma, ko a kira wanzami ya sa masa ƙaho a wurin ya zuƙe mataccen jinin, kakanninmu da me suka rayu. Allah ya ba shi lafiya.

Baba Nas (mai ritaya):

Ɗan Kwari, ɗana, don girman Allah kar ka sake ba wani wannan shawarar. Ummu Khalifa ki ji ni da kyau, kar kowa ya murza wuyan nan, ba tausa ba ƙaho ba komai. Jijiyar da ake magana ba irin wadda ke sagewa ba ce in mutum ya kwana a karkace, babbar hanyar jini ce guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su ke ɗaukar jini daga zuciya su kai ƙwaƙwalwa. In kitse ya daskare a bangonta aka je aka danna, ɓarɓashinsa na iya ɓallewa ya bi jini ya je ya toshe wata ƙaramar hanya a cikin kai, shi ke nan ɓarin jiki ya tafi. Ban da haka a daidai wurin akwai wani ɗan gurbi da ke lura da ƙarfin jini, in aka matsa shi bugun zuciya na iya sauka dattijo ya zube a sume.

Maganar ji da kunne kuwa gaskiya ce, ba sabon abu ba ne, mu tun muna makarantar koyon jinya ake nuna mana. Jini in yana tafiya a hanya mai faɗi mai santsi ba ya ƙara, salin alin yake wucewa. Amma ki tuna tiyon ban-ruwa na masu lambu, ruwa na zuba ba hayaniya, da an sa yatsa an matse bakin sai ya fito da gudu yana fesawa yana huci. Haka jini yake yi in ya zo wurin da ya tsuke, gudunsa ya ƙaru, yana wuce matsin sai ya hautsine yana bugun bango, bangon ya yi rawa, wannan rawar ce ake ji shuu, shuu, tana bin bugun zuciya. Shi ya sa ya ce Baba ya riƙe numfashi, don ƙarar iska a maƙogwaro ta fi ta ƙarfi sai ta danne ta. Wurin da ya ɗora kuma nan ne jijiyar ta rabu biyu, reshe ɗaya ya yi fuska ɗaya ya shige cikin kai, kuma a mararrabar nan kitse ya fi son taruwa.

Kin ma sha ganin irin wannan ba ki lura ba. Awon hawan jini na da, wanda ake ɗaura ƙyalle a dantse a hura iska nas ta sa abin saurare a gwiwar hannu, me take ji? Da gangan aka matse jijiyar, ana sassautawa jini ya fara kutsawa yana ƙara, inda ƙarar ta fara shi ne lambar sama, inda ta ɗauke shi ne lambar ƙasa. Wani likitan sojan Rasha ne Nikolai Korotkoff ya fito da wannan a 1905 kuma har gobe da shi ake aiki.

Sai dai kunne ba ya yanke hukunci, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Ana iya jin ƙarar a wuya alhali jijiyar lafiyarta ƙalau, misali in ƙofar zuciya ce ta tsuke ƙararta kan hauro har wuya, ko mai ƙarancin jini, ko mai ciki, ko mai zazzaɓi mai zafi, ko mai maƙoƙon da ke aiki fiye da kima, yara ƙanana ma ana ji musu ba ciwon komai. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne kishiyarsa, in jijiya ta tsuke har ta kusa rufewa gaba ɗaya jinin da ke wucewa ya yi kaɗan da zai yi ƙara, sai ka saurara ka ji tsit ka ce lafiya lau, alhali ita ce mafi muni. Don haka likitocin baya da ba su ji ba, ko ba su ɗora a wuya ba, ko lokacin ba ta kai ba, ko ɗakin da hayaniya, kin san yadda layin asibitocinmu yake, fanka na kaɗawa janareta na ruri mutum hamsin na jira a waje. Wannan da ya tsaya ya saurara ni a wurina yabo ya kamata.

Ummu Khalifa:

Baba Nas Allah ya saka da alheri ya ƙara girma, wallahi yanzu na fahimta. Na karanta wa Mama bayaninka sai take ce min ai kwanakin baya yana zaune bayan la'asar ya ce mata idonsa na hagu ya yi duhu ɗif ba ya ganin komai da shi, kafin ta ɗauko mayafi a tafi kemis ya ce ya washe, sai suka ce ko suga ne ya sauka. Kuma wai akwai ranar da kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama, maganarsa ta ɗan harɗe na ɗan lokaci sannan ta dawo daidai. Ba su faɗa wa likitan ba don ya wuce. Wannan yana da alaƙa? Sannan yayana yana tambaya ko ya sayi abin sauraren a kasuwa mu riƙa dubawa a gida, in ƙarar ta ƙaru sai mu je hoton.

Mai Hoton Jijiya:

'Yar'uwa ki ajiye wayar nan ku kai Baba asibiti yau, ba gobe ba, ɓangaren gaggawa, kuma abu na farko da za ku faɗa shi ne maganar idon da ta kofin. Aikina ke nan ɗaukar irin wannan hoton kuma abin da kika lissafa ya jeru daidai yadda ba a so. Jijiyar wuya ta hagu ita ke ba idon hagu jini, ita ke ba ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu, shi kuma ɓarin hagu shi ke juya hannun dama da ƙafar dama, a yawancin mutane can ne magana take. Ƙara a hagu, duhu a idon hagu, hannun dama ya saki, harshe ya harɗe, duk hanya ɗaya suke nunawa. Wannan shi ne ƙaramin shanyewar jiki mai zuwa ya tafi, ɗan gudan jini ko ɓarɓashin kitse ya toshe hanya na mintoci sannan ya narke, kuma haɗarin babban ya fi yawa a kwanakin farko bayan irin wannan. Jiya maganarku ta mutum mai ƙara a wuya ce kawai, yanzu ta zama ta mutum mai alamu, hukuncin biyun ba ɗaya ba ne ko kusa.

Hoton kansa ba abin tsoro ba ne, irin na masu ciki ne, ba allura ba yanka, a shafa abu mai yauƙi a wuya a ɗora kan na'urar. Bambancin shi ne muna auna gudun jinin. Na'urar na aika sauti wanda kunne ba ya ji, ya bugi ƙwayoyin jini masu tafiya ya dawo da ɗan canji gwargwadon gudunsu, sunan dofla ɗin ma daga Christian Doppler ne ɗan Ostiriya da ya bayyana wannan ƙa'ida a 1842, daga baya wani Bajafane Shigeo Satomura a Osaka ya fara gwada ta a kan zuciya da jijiyoyi a shekarun 1950. In gudun ya wuce santimita 125 a daƙiƙa muna zargin tsukewar ta kai rabi, in ya haura 230 to ana maganar kashi 70 cikin 100 ko fiye. Kuma muna ganin kitsen da idonmu, mai santsi ne ko mai gautsi. Abin daɗin ma na'urar na fitar da ƙarar a lasifika, mai lafiya da mai tsukewa ko ke za ki ji bambanci, ta biyun tsiwa gare ta.

Dalilin da ya sa lambar ke da muhimmanci, akwai babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, NASCET, sakamakonsa ya fito a 1991. Masu alamu irin na Baba da tsukewarsu ta kai kashi 70 zuwa 99, waɗanda aka bari a kan magani kawai 26 cikin 100 sun samu shanyewar jiki ta wannan ɓangaren cikin shekara biyu, waɗanda aka yi wa tiyata aka kankare kitsen 9 ne kacal. Kuma amfanin tiyatar ya fi yawa in an yi ta cikin sati biyu da ganin alamar. Ban ce Baba tiyata za a yi masa ba fa, da yawa magani ne, na rage kitse da na hana jini daskarewa da saita hawan jini da suga, amma ba mai iya zaɓa sai an ga lamba. A cikin mutanen wannan binciken ma, masu tsukewa mai tsanani sama da kashi ɗaya cikin uku ba a ji musu ƙarar komai a wuya ba, kin ga amsar yayanki ke nan, kar ya ɓata kuɗinsa, ƙarfin ƙara ba ya bin girman ciwo, ranar da ta ɗauke ma ba murna ba ce.

Abu ɗaya kuma, kar wani ya je kemis ya sayo asfirin ya fara ba shi kafin likita ya gani. A binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki fashewar jijiya ce a cikin kai ba toshewa ba, wanda ke zubar jini ka ba shi abin tsinka jini ka ƙara masa. Wannan binciken dai shi ya nuna hawan jini ne uban tafiya a wajenmu, kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin yana komawa gare shi.

Maman Sadik:

Allah ya ba Baba lafiya. Ni abin da ya sa na tsoma baki, mu iyayen masu sikila mun san wannan dofla ɗin sosai sai dai namu ba a wuya ake ɗorawa ba, a gefen kai ne gaban kunne inda ƙashi ba shi da kauri. Yaran sikila jijiyoyin cikin kansu ne ke tsukewa, yaro ɗan shekara biyar shida sai ka ga ɓarin jiki ya shanye mutane su ce iska ce ta taɓa shi ko mayu. Ana so a riƙa yi musu gwajin duk shekara daga shekara 2 zuwa 16, in gudun jinin ya kai santimita 200 a daƙiƙa to yaro na cikin haɗari. A Amurka ƙarin jini suke yi musu duk wata, tun binciken 1998 da ya nuna yana rage shanyewar da kusan kashi 90, to mu nan ina za ka samu jini duk wata shekara da shekaru, ga kuɗi ga neman mai bayarwa. Shi ne likitocinmu a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da Barau Dikko a Kaduna suka gwada maganin hydroxyurea a madadinsa tare da jami'ar Vanderbilt, sakamakon ya fito a 2022, har ƙaramin awo na maganin ya yi aiki daidai da matsakaici. Ranar farko da aka kunna min ƙarar jinin kan ɗana na ji fuu fuu a lasifika sai da na riƙe kujera. Don Allah duk mai ɗan sikila ya tambaya a kilinik ɗinsu, yawancin iyaye ba su ma san akwai shi ba.

Injiniya Ɗan Zariya:

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, harkar lantarki na karanta, amma wannan fannin yana burge ni. Abin sauraren nan da kuke gani wani likitan Faransa René Laennec ne ya ƙirƙiro shi a 1816, farko takarda ya naɗe ya ɗora a ƙirjin mara lafiya, daga baya ya sassaƙa na katako. Shekara ɗari biyu da ɗoriya ke nan kuma har yau akwai jijiyoyin da ya gagara ji, wato waɗanda ke ciyar da zuciyar kanta, masu kawo bugun zuciya in sun toshe. Sirara ne, faɗinsu 'yan milimita, suna can ƙarƙashin haƙarƙari da tsoka, ga ƙarar ƙofofin zuciya ga numfashi duk sun danne su. Dabarar da masu bincike suka yi ita ce su jijiyoyin nan sun fi samun jini lokacin da zuciya ta saki tana hutawa tsakanin bugu da bugu, lokacin kuma ƙirji ya fi yin shiru, sai a manna makirfo mai tsananin ji a ƙirji, mutum ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu, kwamfuta ta tace wannan ɗan tsakanin. Akwai wata na'ura CADScor da ta samo asali daga jami'ar Aalborg a Denmak, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2020. Amma ku lura da aikinta, an yi ta ne don ta ce wannan mai ciwon ƙirjin da wuya a ce toshewa ce, a sallame shi ba sai an yi gwaji mai tsada ba. In ta nuna lamba sama ba ta ce kana da ciwo ba, sai dai a tura ka gaba. Saboda haka masu tallar manhajar waya da ke cewa ɗora wayarka a wuya ta gaya maka jijiyarka ta toshe, ni dai ba zan ba su ko sisi ba, makirfon waya an yi shi ne don muryar mutum, ƙananan sautukan ma da gangan yake zubar da su.

Ɗan Kwari:

To na ji na janye maganar ƙaho tunda manya sun yi magana, amma fa ku ma ku yarda ana wuce gona da iri. Yanzu ni nan shekarata arba'in da biyar ba abin da ke damuna, sai in je in ce a yi min hoton wuya ke nan?

Baba Nas (mai ritaya):

A'a ɗana, kai ba ka buƙata, a nan kam kana da gaskiya. Kwamitin da ke ba Amurka shawara kan gwaje-gwajen rigakafi ma cewa ya yi kar a riƙa bin mutanen da ba su da wata alama ana yi musu hoton wuya, sun faɗa a 2014 sun maimaita a 2021, don za a tsorata da yawa a banza har a kai wasu tiyatar da ita ma tana da nata haɗarin. Kai abin da ya kamace ka ka san lambar hawan jininka da sugarka, in kana shan taba ka yar.

Kuma ko an ji wa mutum ƙarar ba tare da alama ba, abin da ta fi faɗa shi ne jijiyoyin jikin nan gaba ɗaya sun fara tsufa. A garin Framingham na Amurka inda suka daɗe suna bin lafiyar mutane, rahoton 1981 ya nuna masu ƙara a wuya sun ninka sauran samun shanyewar jiki, amma sau da yawa ba ma ta gefen da aka ji ƙarar ba, kuma ciwon zuciya na toshewar jijiya ma ya ninka a cikinsu. Shi ya sa likitan kirki ba ya tsayawa a wuya, zai ɗora a ciki sama da cibiya ko jijiyar ƙoda ta tsuke, musamman matashi ko budurwa da hawan jini ya ƙi jin magani, zai ɗora a matsematsi in mutum ya ce in ya yi tafiya kaɗan sharaɓarsa na ɗaurewa sai ya tsaya ta saki, masu suga da masu taba sun fi kawo wannan kukan.

Akwai ma inda ƙarar ita ake nema. Masu wankin ƙoda da aka haɗa musu jijiya a hannu, kullum da safe ana so su ɗora yatsu a wurin su ji yana zirr, su kai kunne su ji shuu ɗin bai yanke ba. In sautin ya koma siriri kamar fito to hanyar ta fara tsukewa, in ya ɗauke gaba ɗaya a nufi wurin wankin a ranar. Kuma wannan hannun ba a awon jini a kansa, ba a ɗibar jini, ba a kwanciya a kansa, agogo ma a mayar ɗaya hannun.